Ka Je Masa Da Tambaya

Kadawa, 6 ga Janairu, 1983

Zuwa ga ƙanina Hambali,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ɗalibanka, ni dai ba lafiya ba. Yau kwana tara tumatirina bai sha ruwa ba, ga shi ya fara fure. Ka san tun da jam'iyyar PRP ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, mutanen layinmu ko gaisawa ba sa yi da daɗin rai. To bana makullin ƙofar kanal ɗin da ke ba gonakinmu ruwa yana hannun Maharazu, riƙaƙƙen ɗan santsi. Duk gonar ɗan taɓo sai ya tsallake ta, wai ruwa ya yi ƙasa. Ƙarya yake yi, kanal cike yake har baki.

Sau uku ina zuwa masa. In kawo hujja, ya ce santsi ce gaskiya. In kawo wata, ya maimaita. Mutumin nan kansa kamar turmi yake. Wallahi ran Litinin zan ɗauki guduma in fasa kwadon, abin da zai faru ya faru.

Ka gaida iyali. Ni ne yayanka,
Sammani

Dawakin Kudu, 8 ga Janairu, 1983

Zuwa ga Yaya Sammani,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Na ga takardarka, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma don Allah ka ajiye gudumar nan. In ka fasa kwado za a kulle ka, tumatir kuma ya bushe kana can.

Yaya, mai taurin kai ba a kayar da shi da hujja, domin tun kafin ka rufe baki ya tanadi amsa. Kada ka gaya masa komai. A bar shi ya riƙa amsawa da bakinsa, kaɗan-kaɗan, har ya iso inda maganarsa ta yau za ta ƙaryata ta jiya. Haka nake yi da 'yan aji biyar, kuma yana ci. Ga shi na rubuta da manyan baƙaƙe saboda idonka: KA JE MASA DA TAMBAYA KAWAI.

Ka huta lafiya. Ƙaninka mai biyayya,
Hambali

Kadawa, 11 ga Janairu, 1983

Hambali,

Gaisuwa. Allah ya isa tsakanina da shawararka. Na bi maganarka, na hau keke har Bunkure na ɗauko Yaya Tambaya, ta bar shinkafarta a tukunya ta biyo ni. Na yi mamakin me ya sa sai babbar yayarmu, amma na ce kai ne mai boko.

Mun tarar da Maharazu a bakin kanal da mutum kusan ashirin. Yaya ta zauna a kan siminti, ta ce, "Maharazu, ni jahila ce, ka fahimtar da ni. Ruwan nan daga ina yake?" Ya ce daga madatsar ruwa ta Tiga. Ta ce, "A can ake raba na santsi da na taɓo, ko sai ya iso nan?" Ya ce ruwa ɗaya ne, Yaya. Ta ce, "To tumatirin fa, shi wane ɓangare ya yanki kati?" Mutane suka fara dariya. Ta ce, "In ɗan santsi ya auri 'yar taɓo, miyar gidan da wane tumatir ake yi?" Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Sai ta ce, "To tunda ruwa ɗaya ne, me ya sa ka rufe?" Ya ɗago ya ce, "Ki tambayi ƙaninki albasata ta bara."

Hambali, matar nan ta juyo kaina. "Bara makullin a hannun wa yake?" Na ce nawa. "Kwana nawa albasarsa ta yi ba ruwa?" Na ce ban ƙirga ba. Maharazu ya ce sha ɗaya. Ta ce, "Ruwa ne ya yi ƙasa?" Na ce siyasa ce ta lokacin. Ta ce, "Albasar wane ɓangare ta yanki kati?" A gaban mutum ashirin, ni da furfurata.

Yanzu Maharazu ya ce zai buɗe, amma sai na tsaya a ƙofar masallaci bayan Azahar na faɗa da bakina cewa na zalunce shi. Ni ɗan taɓo in durƙusa wa santsi? Gara gonar ta ƙone. Kada ka ƙara aiko mini da dabarar 'yan aji biyar.

Sammani

Dawakin Kudu, 13 ga Janairu, 1983

Zuwa ga Yaya Sammani,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi ba Yaya Tambaya nake nufi ba, tambayar baki nake nufi, manyan baƙaƙen ne suka ruɗe mu. Amma ni ma raina a ɓace yake. A takardarka ta fari ba ka ambaci albasa ba, ka bar ni ina zagin mutum a zuciyata. Shin abin da ya faɗa gaskiya ne? In gaskiya ne, me kake jira?

Ƙaninka,
Hambali

Bunkure, 18 ga Janairu, 1983

Zuwa ga autanmu Hambali,

Ina gaishe ka. Da ajami na rubuta, ka yi haƙuri da hannuna. Yayanka ya faɗa ran Asabar a ƙofar masallaci, murya ciki-ciki, sai da liman ya sa ya maimaita. Maharazu ya buɗe kafin La'asar. Shi yana nan a santsinsa, naka yana nan a taɓonsa.

Eka ɗaya, ta saman gonar, ta farfaɗo. Ta ƙasan kuwa, wadda a ranar da na je tana da sauran rai, ta mutu a kwana huɗun da yayan naka ya yi yana jan ƙafa. Na tarar da shi tsaye a cikinta yana murza busasshen ganye. Na tambaye shi wa ya kashe wannan, santsi ko taɓo. Har na hau mota yana can yana murza ganyen.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarku, Tambaya