Finjalin Da Aka Ajiye A Majalisar Baba

Muharraƙ, Bahrain
Safiyar Asabar

Zuwa ga ƙanena Nawwaf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Dalal da yara, ya kare ku daga sanyin Ingila da ruwanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har ta koma toya balalit, taliyar nan mai zaƙi da ƙwai, da kanta, tana faɗa wai namu sukari ya yi yawa, ƙwai ya yi kaɗan. Kawu Sa'ad ya sayar da jirgin ruwansa bayan ya rantse sau ba adadi cewa a cikinsa za a yi masa wankan gawa. Ƙanwarmu Shaikha ta ci jarrabawarta. Baba kuma likita ya auna shi ya ce jininsa daidai, zuciyarsa daidai. Abin da likita ba ya aunawa shi ne dalilin wannan takarda, kuma na zaɓi rubutu ne domin a waya kana da dabarar tuna cewa ana jiranka a taro.

Ka fi ni sanin dokokin tseren motoci, tunda cikinsa kake cin abinci. Duk da haka zan jera maka abin daga farko, yadda nake jera wa mai karanta jaridarmu wanda bai san mu ba, don na lura kana ba wa kanka labarin ta wata hanya. Alƙalai huɗu ne ke zama a kowane tsere, uku hukumar duniya ke turowa, ɗaya ɗan ƙasa, kuma shekarun nan Baba ne ɗan ƙasar. Ya fara ne daga ɗaga tuta a bakin kwana, cikin rana, ba albashi, har ya kai wannan kujera. Mishal, yaron Kuwait da ke tuƙa motar kamfanin da kake wa aiki, ya zo Bahrain da makin laifi a kansa, saura ƙiris ya cika adadin da ke sa a dakatar da direba. Kowa ya san in aka dakatar da shi tsere ɗaya ba zai sake ganin kujerar ba, domin akwai mai jiranta.

Ranar Laraba bayan la'asar majalisar Baba ta cika kamar kullum, sai ga Bu Mishal, uban yaron, ya yi sallama. Baba bai taɓa ganinsa ba sai a hoto. Ya tashi ya tarbe shi, ya zaunar da shi a damansa, ya ɗauki butar gahawa ya zuba masa da hannunsa. Mutumin ya karɓi finjali, bai kai baki ba, ya ajiye a kan kilishi. Kawu Sa'ad da ke wurin ya ce mini kowa ya gane da buƙata baƙon ya zo. Ka san Baba. Baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba a ƙarƙashin rufinsa, bai tsaya tambaya ba, ya faɗi abin da kakanmu Matar zai faɗa, cewa sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu. Daga baya ya gaya mini ya ɗauka katin shiga filin tsere ne, ko sulhu da wani. Bu Mishal ya shanye, ya girgiza finjali alamar ya isa, sannan ya ce ɗansa yana hannun Baba ranar Lahadi, ya kuma ƙara da cewa Nawwaf ne ya ce ya zo, ya ce masa mahaifina mutumin da ne, in ka ajiye finjali ba zai bari ya huce ba. Ban dogara da Kawu kaɗai ba, ka san aikina. Na tambayi mutum biyu daban da suka zauna a wurin, kalmominsu ba su saɓa ba. Akwai kuma wanda ya ɗauki abin a wayarsa, har yau ba a san wane ne ba.

Magana zarar bunu ce. Baba bai iya mayar da ita ba, bai kuma iya ƙaryata baƙo a gaban jama'a ba, sai ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, aka kawo dabino da alewar halwa. Washegari da safe ya tafi fili, ya sami shugabar alƙalan, wata Bafaransa mai suna Madam Odil, ya kwashe komai ya gaya mata, ya roƙa a cire shi daga zaman. Ta yi dariya, ta ce a kowace ƙasa ana yi musu haka, a wani wurin da kwalbar giya, a wani da cin abincin dare, shi ko nasa ma da arha, ruwan gahawa ne. Ta ce doka ta wajabta ɗan ƙasa, ba lokacin neman wani, ya zauna ya yi aikinsa. Ya tambaye ta ko za a rubuta cewa ya faɗa. Ta dafa kafaɗarsa ta ce tsakanin abokai ba a buƙatar takarda.

Ranar Lahadi kana zaune a rumfar kamfaninku da abin saurare a kunne, ka ga abin da duniya ta gani. A farkon tsere Ruben Halder, zakaran bara, ya matse wata mota a kwanar farko har ta fita cikin yashi. Can gaba Mishal ya yi irin wannan a kwanar nan ɗin, nasa ma wanda ya matsa ya dawo hanya bai rasa komai ba. Na kalli hotunan biyu gefe da gefe, na karanta sashen dokar cikin harshe biyu, ban ga bambanci ba sai launin motocin. A ɗakin alƙalai Baba ya ce laifi ɗaya ne, ko a hukunta duka ko a bar duka. Aka ce masa na Halder zafin tsere ne, kuma ba a yanke gasar duniya a kan tebur. Na Mishal kuwa ganganci ne, dole a koya wa sababbi tarbiyya. Uku suka rinjayi ɗaya. Da aka kawo hukuncin Mishal, Baba ya sa hannu, domin yaron ya yi laifin, ya san kuma sa hannun nan ya karya kalmar da ya bayar a majalisarsa. Da aka kawo takardar wanke Halder, ya ture ta. Abin da ya yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

Litinin hoton bidiyon majalisa ya fito, an yanke shi daidai inda ya kamata, an fassara shi da Turanci mai kyau. Labarin da ya zaga duniya shi ne wani alƙali Balarabe ya yi alkawarin taimakon ɗan abokinsa, sannan ya nemi a hukunta zakara. Ba wanda ya tsaya ya ce ai ya hukunta ɗan abokin. Wannan ba ya sayar da jarida, na san haka tun ina koyon aiki. Hukumar ta kafa kwamitin bincike, mambobinsa hukumar ce ta naɗa su, ita ke biyansu, gare ta za su kai rahoto. Suka tambayi Madam Odil zancen safiyar Alhamis, ta ce tana tuna sun gaisa. Sanarwar da suka fitar ta yaba wa hidimarsa ta shekaru, ta ce ya nemi hutu da kansa. A jaridarmu ya fara karanta cewa ya nema. Edita ya hana ni rubutu a kai, ya ce ke ɗiyarsa ce, kuma yana da gaskiya. Halder bai rasa ko maki ɗaya ba. Madam Odil ta zauna alƙalanci a tsere na gaba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, domin Baba bai taɓa ɗaukar yabon Turawa abin ado ba. Amma gaba kura, baya sayaki. Bu Mishal ya koma Kuwait yana shiga majalisa-majalisa yana cewa ya sha gahawar Bu Nawwaf, wato Baba, ashe ruwan wanke kwano ne, wai a Muharraƙ yanzu ana ba da kalma da hannun dama a karɓe da hagu. Maganar ta ƙetaro ruwa ta iso mu. Wasu suka ce da ya san ba zai cika ba, don me ya buɗe baki. Wasu suka ce da ya cika ai ɓarawo ne. Dukkansu sun daina zuwa. Larabar da ta wuce mutum uku ne suka zauna, ɗaya kurma ne, ɗaya ya zo neman a sa masa baki a wata rigimar fili bai ji labari ba. Na ukun Kawu Sa'ad ne, wanda ya dubi butar gahawa ya ce wa Baba, kai Bu Nawwaf, daga yau kowa ya shigo ka ba shi lemon kwalba kawai, shi ba a ajiye shi a ƙasa a ɗaure mutum. Baba ya yi dariya don kada Kawu ya ji kunya. Umma ta ce har yanzu yana sa a dafa gahawa ta mutum ashirin, ita ke zubarwa.

Ka lura da sunan da ake zaginsa da shi. Ba wanda ke cewa Shahin, sunansa na yanka. Bu Nawwaf ake cewa, a Kuwait da nan, sunanka ne ke yawo a bakinsu, amma kai ba wanda ya taɓa ka. Na ji an ba ka kula da motar sabon direban, wanda ya gaji kujerar Mishal. Ina taya ka murna. Na yi ƙoƙarin nemo maka uzuri, domin ni na goya ka. Na ce ƙila tausayin yaron ne, ƙila manyanka ne suka matsa, ƙila ka daɗe a waje ka manta nauyin abin. Sai dai wanda ya manta al'ada ba ya sanin inda take da kaifi. Kai ka sani. Ka zauna a gefen Baba kana yaro kana riƙe masa finjalai, ka ga ranar da ya yafe wa mutumin da ya buge motarsa saboda finjali ɗaya da aka ajiye. Ka san wurin da mahaifinka ba ya iya kare kansa, ka nuna wa baƙo. Umma cewa ta yi albasa ba ta yi halin ruwa ba, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka don ta faɗa.

Ba na neman ka fito ka yi bayani ga duniya. Na auna, ba zai dawo masa da kujera ba, za su ce ɗa yana kare uba, kai kuma ka rasa aiki, a sami gida biyu a ƙasa. Shi ma ya hana. Na ce masa zan rubuto maka, ya ce a bar kaza cikin gashinta, yaro ne, ya yi kuskure. Na tuna masa cewa yaron yana da furfura a gemu. Ya ce a wurinsa dai yaro ne.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ku zo tseren baɗi. Masu shirya tseren sun ji nauyin yadda aka yi, suka nemi abin da za su rufe masa fuska da shi. Sun naɗa shi jakadan karɓar baƙi. Zai sa alkyabba mai bakin zinariya, ya tsaya a ƙofar ɓangaren manya, ya yi wa masu kamfanoni da shugabannin hukumar maraba, a ɗauki hoto. Na roƙe shi ya ƙi. Na ce masa mutanen da suka kore shi ne za su wuce ta gabansa suna ba shi hannu. Ya ce baƙin ƙasarsa ne, kuma in ya ƙi, ba ta wata ƙofa da zai sake jin ƙarar injin nan da kunnensa sai a talabijin. Ya karɓa, har an zo an auna shi.

Ta wannan ƙofar kamfaninku ke shiga. Shi ya tuna mini, ya kuma ba ni saƙo guda gare ka, ya sa na maimaita don kada in canza. Ya ce in kun zo wucewa kai da manyanka, kada ka tsaya, kada ka sumbaci kansa, kada ka kira shi Baba. Ka ba shi hannu kamar sauran ka wuce, domin sunansa yanzu yana ɓata na kusa da shi, ba ya so ya taɓa maka aiki. Ya ce ku haɗu a gida, Umma za ta dafa shinkafar macbus.

Ka gaishe mini da Dalal, ka gaya mata turaren da ta nema yana hannun Shaikha, za ta aiko. Ka shafa mini kan yaranka, Matar da Lulwa, ka ce Shaikha ƙanwar babansu ba ta manta alkawarin halwa ba, yayarsa kuma ba ta manta komai. Umma tana gaishe ku, Kawu Sa'ad yana gaida yara. Na isar da saƙon Baba yadda ya ba ni. Ban roƙe ka ka saɓa masa ba, ban kuma damu da tunanin me za ka yi a ƙofar ba, na san za ka yi masa biyayya.

Allah ya tsare ku, ya ba kowa gwargwadon niyyarsa.

Yayarka,
Hissa bint Shahin