Akwatin da Aka Ba Bashir Ajiya

Catford, London

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya Malam da yara, yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya, sai dai zuciya.

Yaya, ɗanki Bashir zai sauka Kano ranar Asabar, ba tare da takardar kammala karatun likita ba. Gara ki ji daga gare ni.

Tun bayan yaƙin basasarmu hukumar nan take zargin ɗalibanmu da ra'ayin juyin juya hali, tana bin gidajen baƙi. Wani ɗan garinmu ya ba Bashir ajiyar akwati a kulle. Bai tambayi abin da ke ciki ba, don ba haka kika rene shi ba. Ranar Talata da hantsi 'yan sanda suka fasa akwatin, suka tarar da ƙasidun siyasa. Suka ce ya faɗi mai shi, su bar shi ya ƙarasa wata bakwai da suka rage masa na karatu.

Na same shi inda ake tsare da shi. Na karanta masa doka, na kawo hujja, har na roƙe shi. Ya ce, "Kawu, matar mutumin tana da tsohon ciki. Kuma amana ce. Da wane ido zan dubi Umma?"

Da ya ƙi faɗin sunan, suka yanke hukuncin mai da shi gida.

An ce man fetur ya kawo aiki a gida, ba zai rasa ba. Sai dai likita ya so zama. In ya iso, kada ki yi masa faɗa. Ki ba shi ruwa, ki sa masa albarka.

Ki gai da Inna da Malam, a sa mu a addu'a. Littattafansa suna ɗakina, har yau na kasa ɗaure su.

Ƙaninki,
Lawal