Muryar da Ba Ta Kawu Namadi Ba

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Rilwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mubaraka da jaririyarku, Allah ya raya ta. Mu nan sai godiya. Inna na fama da ƙafarta kamar kullum, gero kuma ya yi kyau ga waɗanda suka samu damar shiga gona.

Ka ji rasuwar Kawu Namadi, amma ban gaya maka yadda ta faru ba. Kafin girbi wata murya ta fara yawo a wayoyin mutane, daga Galadi har Zurmi. Muryar Kawu ce sak, har da gyaran muryar nan tasa, yana gaya wa 'yan bindiga hanyar da motocin hatsi za su bi. Wani shafin labarai ya ɗora ta da hotonsa, ya kira shi infoma, wasu shafukan suka kwafa. Kawu ya rantse da Alƙur'ani a gaban liman cewa bai taɓa furta maganar ba. Aka ba shi shawara ya ɓoye, ya ce mai gaskiya ba ya gudu. Ranar kasuwar Shinkafi ya hau babur ya tafi da dawarsa, a can wasu matasa suka tare shi da sanduna. Gawarsa aka dawo da ita.

Bayan sadakar arba'in wata 'yar jarida mai suna Hamdiyya ta zo daga Gusau, ta karɓi muryar ta kai wa masana. Suka tabbatar mata na'ura ce ta haɗa ta, irin ƙirƙirarriyar basirar nan da kake bincike a kanta a jami'a. An ɗauki muryarsa ne daga wata hira da ya yi da gidan rediyo kan tsadar taki. Da ta nemi mai shafin, ya ce shi ba shi da wakili ko ɗaya, na'ura ke tattaro masa labari ta rubuta. Ya goge labarin, ko haƙuri bai bayar ba. Wanda ya ƙirƙiri muryar kuwa har yau ba a san shi ba. Hamdiyya ta buga gaskiyar, amma magana zarar bunu ce. A Galadi har yanzu 'ya'yan infoma ake kiran yaransa, dole matarsa Gwaggo Kyauta ta kwaso su suka dawo wurinmu.

Rilwanu, in ka zo rubuta bincikenka, ka sa sunan Kawu cikakke, ka ce manomi ne mai 'ya'ya bakwai. Sannan ka daina turo wa Inna saƙon murya. Duk wanda na kunna mata sai ta kau da kai, ta ce kunnenta ya ji ɗan'uwanta yana faɗin abin da bai faɗa ba, yanzu ba ta san wa ke kiranta Inna a cikin waya ba. Ta ce in kana raye ka zo ta taɓa ka.

Gwaggo Kyauta da yaran Kawu, su Muhsina da Anas, suna gaishe ka. Ka gaida mini Mubaraka da iyayenta. Allah ya jiƙan Kawu, ya sada mu da alheri.

Taka yayarka,
Kubura