Mata Biyar, Kujera Huɗu

Asabar, 8 ga Janairu

Bayan mun fito daga ruwa, kocinmu Kaftin Wagdi ya tara mu a bakin kogin Nilu. Tseren kwalekwale na garin Luksor ƙarshen watan gobe ne. Kwalekwalenmu na mutum huɗu ne, mu kuwa mun zama biyar tun da Nermin ta shigo kulob. Ya ce zai gwada mu, wadda ta zo ƙarshe ta yi kallo daga gaɓa.

Sai kuma ya ce hannuwanmu lafiya lau, ƙafafunmu ne na aro. "Da ƙafa ake tuƙi, hannu ƙugiya ce kawai. Kowacce ta nemi bene ta riƙa hawa da gudu." Ƙawata Safaa ta ce, "Haba ya Kaftin, mu da muka gudo kogi don babu tudu?" Ya ce ai shi ya sa.

Shekara da shekaru ni ce a kujerar jagora, wadda sauran ke kallon bayanta suna bin bugunta. Ban damu ba. To, na ɗan damu.

Litinin, 10 ga Janairu

Na gwada benenmu. Tun da muka tare a gidan nan lif nake hawa, na'urar nan mai kai mutum sama, ashe ban san tsawonsa ba. Ban kai rabi ba na zauna a matakala ina haki kamar wadda kare ya koro. Maigidana Sobhi ya ce tunda saman soro zan riƙa zuwa, in dinga sauko masa da shanya.

Laraba, 12 ga Janairu

Cinyoyina. Ko zaman tahiya da ƙyar.

Asabar, 15 ga Janairu

Nermin ta tare ni wajen wanke filafilai. "Tant Mervat, an ce gidanku dogo ne. Namu ko hawa ɗaya babu. Ko zan riƙa zuwa?" Wai Tant, wato inna, sai ka ce ni na haife ta! Na ce ta zo. To me zan ce? A hanya na yi ta yi wa kaina faɗa: mai neman kujerarki ce za ki ba aron bene.

Alhamis, 20 ga Janairu

Yarinyar nan akuya ce. Ta ɗiba a guje, tana tsallake matakala bibbiyu, kafin tsakiya ta ƙare, na zo na wuce ta a hankali. Daɗin da na ji, Allah ya yafe mini. Amma bakina bai iya shiru ba. Na ce ta taka da tafin ƙafa duka, ta tura da diddige kamar yadda ake tura katakon da ake ɗora ƙafa a kwalekwale, sauka kuma a tafiya saboda gwiwa. Ta ce to, kuma nan take ta gyara. Ni dai ban san wa ya aike ni ba.

Maƙwabcinmu Ustaz Ramzi ya buɗe ƙofa da jarida a hannu. "Gobara ce?" Nermin ta ce, "A'a ya Ustaz, tsere ne." Ya ce, "Wa ya biyo ku?" Ta nuna ni, na nuna ta. Ya girgiza kai ya rufe.

Saman soro akwai daɗi da safe. Iska, tantabarun masu gidan da ke kallonmu, ga Nilu can yana ƙyalli tsakanin benaye. Ban taɓa tsayawa na duba ba.

Litinin, 24 ga Janairu

Na tsayar da Nermin ta sha miyar adas, wani irin ƙananan wake, sanyi ya yi yawa. Ashe 'yar garin Mansura ce. Aure ya kawo ta Alƙahira, mijin kuma aiki ya ɗauke shi Kuwait, ba ta da kowa a nan. Ta ce, "Abla, a kulob ne kaɗai ake ƙwala mini kira da sunana." Tana dariya ta faɗa. Sai na ƙara mata miya.

Ta koma ce mini Abla, yayarta ke nan. Ina zargin Sobhi ne ya tsegunta mata.

Juma'a, 28 ga Janairu

Yau ruwa kwance kamar faranti. Bugun farko na ji kwalekwale ya tashi a ƙarƙashina, ba nauyi. Har gada muka je muka dawo numfashina bai tsinke ba. Kaftin daga jirginsa ya ɗaga murya: "Madam Mervat, wa ya ba ki ƙafafun nan?" Na ce na Ustaz Ramzi ne. Bai gane ba, Nermin kuwa har filafili ya kusa kuɓuce mata.

Muka ci ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da ƙosan nan ƙasar, a tsaye, mu biyar, hannuwa duk kanta. Irin ranar da mutum ba ya roƙon ƙari.

Talata, 1 ga Fabrairu

Yau Nermin ta wuce ni a bene, kuma ban cim mata ba. Na tarar da ita a soro tana kallon tantabaru. Ni ma na kalle su.

Juma'a, 4 ga Fabrairu

An yi gwajin a kan injin tuƙi na cikin kulob. Ban taɓa ja kamar na yau ba, Kaftin da kansa ya faɗa. Kuma ni ce ta ƙarshe, da ɗan abin da bai kai numfashi ɗaya ba. Kowacce ta ƙaru, shi ke nan.

Kaftin ya fara kame-kame. Na ce, "Magana ɗaya ce, ya Kaftin, kai ka faɗe ta tun farko." Safaa za ta koma jagora, Nermin ta shiga. Safaa ta fi ni kuka. Nermin ban ma ga fitarta ba.

Sobhi bai yi tsokana ba yau. Ya haɗa mini shayi da na'a-na'a, ya zauna kusa.

Lahadi, 6 ga Fabrairu

Lif na hau. Sau uku ma.

Laraba, 9 ga Fabrairu

Nermin ba ta zo ba tun ranar gwaji. Ustaz Ramzi ya tare ni a ƙofar gida: "Ina ƙanwar taki? Gidan ya yi shiru, har na kasa karatu." Na kira ta. Na ce, "Ke, don kin samu kujera sai ki miƙe ƙafa?" Ta ce, "Kunyarki nake ji, Abla." Na ce kunya ba ta tura kwalekwale, gobe da safe ina jiranta, kuma kada ta zo mini da fuskar ta'aziyya.

Asabar, 19 ga Fabrairu

Yanzu a bene ni ke biye da ita, ina ba ta bugu da baki: tura, tura, tura. In ta gaji takan ɗaga kafaɗa, a ruwa ma haka take yi. Mun kusa kashe wannan halin. Ni kuwa da ba tseren da zan shiga, ƙafafuna sai ƙara ƙarfi suke. Abin dariya.

Juma'a, 25 ga Fabrairu, Luksor

Na biyu suka zo! Muryata ta tafi gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin kwalekwalenmu daga gaɓa ba sai yau. Ashe haka yake da kyau, filafilai na shiga ruwa tare kamar hannu ɗaya. Da suka doso ƙarshe na bi su da gudu a bakin kogi, ina ture mutane, ina ihun sunanta. Kafaɗarta ba ta ɗaga ba ko sau ɗaya. Da suka fito ta faɗo jikina jiƙe sharkaf, ta ɓata mini sabuwar riga.

Wani abu ya ɗan soke ni lokacin da ake rataya musu lambar yabo. Bai daɗe ba.

Laraba, 2 ga Maris

Kaftin ya ce akwai kwalekwalen mutum biyu da ke kwance a rumfa, ko ni da Nermin za mu ɗauka don tseren bazara. Na ce zan yi shawara, alhali na riga na je na shafa shi. Ya ce, "To ke ce jagora, kamar kullum." Na ji bakina ya ce a'a, a sa Nermin, ni in zauna bayanta.

Ya dube ni ya daɗe. Na ce ba wani abu ba ne, daga baya an fi ganin kuskuren mutum.

Ban gaya mata ba tukuna. Gobe, in mun kai soro.