Maɓallin Kwat Ɗinka

Zuwa ga Zadok, Baban Hadassah, inuwar mangwarona a zafin Maris, ruwan randata mai sanyi, giwan ruwan Binuwai da ba kullum ake samun irinsa a kasuwa ba!

Ka san ranar da na gane ka mutu? Ba a asibiti ba ne, ba kuma a bakin kabari ba. A can mutane sun yi yawa, hankalina yana kan ko shinkafa za ta isa. Talatar da ta wuce ce, wata huɗu da tafiyarka. Na buɗe akwati, na ciro baƙar kwat ɗinka na saka, na tsaya tsakiyar ɗaki ina jiran ka daka tsawa, "Liyatu, wa ya taɓa mini kwat?" Shiru. Sai kaza a waje.

Kada ranka ya ɓaci, aikin coci ne. Zumuntar matanmu ta Alkalawa za ta yi wasan kwaikwayo ranar Asabar. Mama Nenita ce ta tsara shi, tsohuwar nan 'yar ƙasar Filifin, matar marigayi Malam Albert. Labarin matan ƙasarsu ne masu barin iyaye su tafi aure inda ba su taɓa takawa ba. Ita ma haka ta sauka a Yola, da akwati ɗaya da hoton namiji. Ta ce da ta ga Albert a filin jirgi ta gane tsohon hoto ne, tun yana da gashi aka ɗauka! Ka san namiji ba ya shiga wasanmu. Mace ce ke saka kayan mijinta, ta zana gashin baki da gawayi. Suka ce ni ce ango, wai saboda muryata. Kai ma ka sha faɗa mini haka.

Wayyo masoyina, wannan kwat! Da ita ka zo gidanmu neman aurena, a watan Afrilu, rana tsaka, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Gumi yana zuba a jikinka kamar mamakon Agusta, har babana ya ce a kawo ruwa kafin surukin ya faɗi mana a zaure. Ina leƙe ta taga na ce a raina, mutumin da zai dahu haka saboda ni, ina zan kai shi in ba cikin zuciya ba?

A wurin gwaji na yi tafiyarka, ciki gaba, ƙafa a buɗe kamar agwagwar Tafkin Gerio. Fibi, wadda take amarya, dariya ta zaunar da ita a ƙasa. Goretti mai shago ta ce, "Maman Hadassah, har tarin ma nasa ne!" Sai aka zo inda ango zai karɓi akwatin baƙuwa ya ce mata ta iso gida. Nan muryar tawa ta gudu. Hawaye ya wanke gashin bakina, ya gangaro da shi ya zama gemu. Mama Nenita ta riƙe hannuna, ta ce ita shekara guda ta yi tana shara da hular Albert a ka. Amma tsohuwar tela ce, idonta ba ya kuka da aiki. Ta hango babu maɓallin sama. Ta ce ango ba ya tarbar mace daga wata duniya da kwat a wangale. Ko in ɗinka kafin Asabar, ko a ba Goretti matsayin angon, tunda kwat ɗin mijinta a cike take.

Ka tuna maɓallin nan? Ranar Ista ya faɗi. Ka ba ni, na ce gobe. Kowace Lahadi ka tambaya, kowace Lahadi na ce gobe. Sai ka koma dafe wurin da hannu a coci, har fasto ya yi misali da kai, wai a dubi yadda Zadok ke riƙe zuciyarsa a gaban Ubangiji!

Zadok, hasken safiyata, ɗinkin ba zai ci minti biyar ba. Amma shi kaɗai ne abin da ka roƙe ni da ya rage a gidan nan. In na ɗinke shi, me kuma za ka jira a wurina? Wa zan ce wa gobe? Kuma ba zan yarda kwat ɗin wani ta tsaya inda taka ta tsaya ba, ko da Goretti za ta daina gaishe ni.

Jiya na koma gwaji na dafe ƙirji irin naka, tun daga shiga har fita. Mama Nenita ta dube ni, ta ce haka Albert ya tsaya a filin jirgi. Ta bar mini angona. Asabar ka zo ka gani, ka zauna a benci na uku inda ka saba, kada ka yi barci.

Sai Binuwai ya juya ya koma Kamaru kafin in saka kwat ɗin wani namiji. Taka ce ni, a wannan gaɓa da waccan.

Matarka,
Liyatu

Maɓallin yana cikin gwangwanin allura a kan taga. Ban ɗinka ba tukuna.