Lissafin Prosper da Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Agbeko a Abidjan,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da Anti Dzifa da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mama tana nan da sauƙi, sai dai ba ta cin tuwon akple sosai tun da abin ya faru.

An gaya maka a waya cewa teku ya ɗauke mijina Dogbe, amma ba a gaya maka yadda aka yi ba. Ina wajen bandar kifi da safe na ji waƙar masu tura jirgi ta yanke a tsakiya. Na fito bakin ruwa, sai na ga kowa yana kauda ido daga kaina. A nan na gane, tun kafin wani ya buɗe baki.

Ka san yadda Dogbe yake fita da jirgi shekara talatin. Zai tsaya ruwa iya gwiwa, hannu a sama, ya bar manyan igiyoyin ruwa su wuce, sai teku ya numfasa sannan ya ce a tura. To, Prosper, ɗan ƙanwar mai jirginmu Torgbi Amuzu, ya dawo daga jami'a da agogo da farin takalmin da bai taɓa jiƙewa ba. Kwana uku yana zaune ƙarƙashin bishiyar kwakwa yana ƙirga. Ya ce igiya sittin ke zuwa a minti goma, wato shida a minti, kowace daƙiƙa goma ɗaya. Don haka wai duk lokaci ɗaya ne, jiran Dogbe camfin tsofaffi ne da ɓata safiya. Torgbi, da yake shi ya biya kuɗin makarantar, baki har kunne. Ya saya masa usur, ya ce idan an busa a tura. Dogbe ya ce musu teku ba ya sanye da agogo. Torgbi ya ce in tsoro ya kama dattijo, akwai samari masu son sitiyari. Kwana huɗu suka fita lafiya. Rana ta biyar aka busa, manya uku suka zo a jere, ta uku ta kife su. Goma sha ɗaya suka fito, ban da Dogbe.

Yaya, Prosper ɗin nan ya zo ta'aziyya da littafinsa a hammata. Ya ce mini, Dada, wato uwa, ki duba da kanki, lissafi bai yi kuskure ba. Na ce masa a aji shida na tsaya, amma na iya raba sittin gida goma, ya rufe littafin kada hayaƙin kifi ya ɓata masa. Na tambaye shi ko ya iya iyo. Ya ce ba fanninsa ba ne. Matan da ke zaune suka rufe baki da zani.

Washegari na je bakin ruwa da ƙwaryar ƙwarar manja da agogon Dogbe. Kowace igiya ta zo na ajiye ƙwara ɗaya, a minti goma ni ma sittin na samu, ban ƙaryata Prosper ba. Amma na ware manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Manyan tara ne kacal, kuma uku-uku suke zuwa manne da juna. Shi ya haɗa mai lasar ƙafa da mai karya jirgi ya ba kowacce lamba ɗaya. Abin da ya yi shekara huɗu yana koyo ke nan.

Ga dalilin wasiƙata. An gyara jirgin, kuma Torgbi ya ba ɗana Selasi sitiyarin babansa, wai karramawa ce. Usur yana nan a wuyan Prosper. Selasi ya ce mini in ya ƙi, za a ce ɗan Dogbe matsoraci ne. Na nuna masa ƙwarar manjan, ya ce shi ma ya sani, Mama, amma wa zai saurare shi? Kai kawunsa ne, kuma Torgbi yana jin nauyinka. Ka zo ka karɓe usur ɗin, ko ka tafi da Selasi wajen aikinka na kafinta.

Ka gaishe mini da Anti Dzifa, da Kafui, da Worlanyo da amaryarsa. Mama da Fasto suna gaishe ka.

Ba mu yi jana'iza ba, teku bai dawo da Dogbe ba. Ranar Laraba jirgin zai fita, kuma har yanzu ban samu wanda zai hana Selasi shiga ba.

Ƙanwarka,
Enyonam