Kwamfutar da Ta Daina Lalacewa

Zuwa ga mai sunan Malam, a can Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da wurin aikinka. Mu nan sai godiya. Gero ya shiga rumbu, dawa na jiran yanka, an tuge gyaɗa. Akuyar Innarka ta haifi biyu, ɗaya ya biyo ni wajen ci.

Ka san ban taɓa rubuta maka wasiƙa ba. Ka kuma san karatuna: a aji biyu na sakandare na tsaya, ba don makarantar ta ƙare ba, ni ne na ƙare. Don haka inda ka ga harafi ya zame, ka ɗaga shi. Da yatsu biyu nake bugawa, sauran 'yan kallo ne. Za ka ce me ya sa na saka ta a shafin nan na intanet inda kowa zai gani. Yi haƙuri, zan zo wurin.

Kai ne ɗan farinmu, kuma sunan mahaifina aka raɗa maka. Kunya biyu ke nan. Tun ranar suna bakina bai kama sunanka ba, na Innarka ma haka. Kai ne "yaron nan", kai ne "mai sunan Malam", yanzu kuma "mutumin Fatakwal". Ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba. Sau ɗaya na saɓa ka a kafaɗa, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai, shi ma ta bayan gari na bi, ta cikin dawa. Haka aka yi mini, haka na yi maka, kuma babu wanda ya ce ba a son sa.

Da ka samu aiki za ka tafi, sai ka bar mini kwamfutar cinyar da ka yi karatu da ita. Kai ma gwanjo ka saye ta. Batirinta ya riga mu gidan gaskiya, sai an jona ta da sola take numfashi. Murfinta kuwa sai an tokare shi da gwangwanin madara. Ka koya mini buga katin ɗaurin aure da na suna da sanarwar masallaci, in zuba a filashi in kai Bici a fitar a takarda. Kafin damina ta zagayo maƙwabcinmu Tanimu ya laƙaba mini Injiniyan Kati, ni kuma na amsa, don ban ga ranar da wata jami'a za ta kira ni haka ba.

Ka yi mini bayani cewa akwai wata babbar manhaja a ciki, ita ke tafiyar da komai. Ban gane ba sai da na fassara wa kaina: kwamfuta ɗaki ce, manhajar kuwa ɗan haya. Na farkon da na tarar a ɗakin na sa masa suna Dattijo.

Ka tuna shi? Mai hoton koren tudu da shuɗin sama. Innarka ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan gonar malalaci ce, ga ruwa ya samu amma ko shuka ɗaya babu. Dattijo ba shi da kaya da yawa. Ina danna maɓalli, kafin in gyara zama a tabarma ya tashi. Kuma abin da yake fara nuna mini shi ne sunanka, ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo. Kullum sai na karanta shi da ido, bakina ba shi da laifi.

Sai dai Dattijo ya tsufa, waɗanda suka ƙera shi sun daina leƙo shi. Duk ranar da filashi ya je Bici, da cuta yake dawowa. In buɗe in ga katin mutane ya ɓace. Shafukan intanet ma suka soma rufe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya, wai ba su san shi ba.

To a nan nake kiranka. Gaisuwata ba ta wuce, "Kai, abin nan ya tsaya." Kai kuma ka ce, "Baba, me ka taɓa?" In ce ban taɓa komai ba, alhali babu abin da ban taɓa ba. Sai ka ce in danna maɓallai uku a tare. Wannan aiki kuwa hannu biyu yake so, dole in buɗe muryar waya in ajiye ta a tabarma.

Abin da ba ka sani ba shi ne, da zarar muryarka ta cika zaure, sai ga Innarka a bakin ƙofar cikin gida da faifai da gyaɗa. Wai iska ta fi kaɗawa a nan. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Gyaɗar nan kuma ba ta ƙarewa sai ka yi sallama.

Ita ce fa ta ɗinka wa kwamfutar mayafi mai fulawa, irin wanda ake rufe kwanon baƙo da shi, ta lulluɓe ta tana kunne don kada ƙasa ta shiga. Abu ya ɗau zafi ya suma. Da na gaya maka, ka yi dariya har da tari. Ranar na fara jin dariyarka ta manya. Ta yara kaɗai na sani, ita ma daga nesa.

Da ka zo Ƙaramar Sallah ka ce zama da Dattijo haɗari ne, ka kawo sabon ɗan haya, irin wanda ake yayi. Da farko ma ƙin shiga ya yi, ya ce ɗakin bai kai matsayinsa ba, sai da ka yi ta lallashi. Shi na sa wa suna Alhaji.

Alhaji kyakkyawa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Komai nasa sheƙi yake, intanet ko'ina buɗe masa ƙofa ake. Amma ya zo da kujeru da gado da kabad, ɗakin kuwa na ƙasa ne. Fankar ciki ta koma kukan injin markaɗe. Zafi kuwa, daina ɗora ta a cinya na yi, don ina da sauran buƙata da cinyar. In danna maɓalli, in je in yi alwala, in ba akuya dusa, in dawo, 'yar da'irar nan tana nan tana juyawa. Wata rana kuma ya rubuto mini da Turanci wai in jira, kada in kuskura in kashe shi, yana gyara kansa. Ga rana ta yi sanyi, sola na haki. Ko mai gari bai taɓa ba ni umarni irin wannan a cikin zaurena ba.

Tanimu ya ce ai ba laifin kowa ba ne. Sabon irin masara ne aka shuka a gonar da ta gaji, ba taki. Kara za ka samu, ba zangarniya ba. Na ce masa ya bar harkar injiniyoyi, amma a raina na san ya faɗi daidai.

Duk da haka, yaron nan, in za a tambaye ni zamanin da ya fi mini daɗi, zamanin Alhaji zan ce.

Saboda kai kake cewa, "Baba, kar ka kashe wayar, mu jira ya tashi." Alhaji kuwa ba ya tashi da wuri. Maza biyu ba sa iya yin shiru har abada da waya a tsakaninsu. Sai ka tambayi ruwa, ya sauka ko da saura. Ka tambayi mangwaron da ka dasa a bayan rumbu. Ni kuma in tambaye ka ko har yanzu garin rogo suke ba ka a matsayin abinci. A jiran Alhaji na ba ka labarin Malam, mai sunan naka, yadda yake ɓoye mini ƙuli-ƙuli a aljihun rigar da ya rataye, ya fita, don kada a ce shi ya ba ni. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba.

A jiran Alhaji ne kuma wata La'asar ka yi gyaran murya ka ce, "Baba, a sa mu a addu'a. Mai ɗakin ba ta jin daɗi kwana biyu, amma irin rashin lafiyar da ake murna da ita ce." Ƙarar da ka ji a lokacin, faifan Innarka ne ya kife. Kaji suka yi walima. Ta tashi tana yi musu faɗa kamar su suka ture ta, tana goge ido da bakin mayafi, wai ƙaiƙayi ne. Bayan watanni, ta wannan wayar muka fara jin kukan jikarmu, da'ira na juyawa, ni ina roƙon Allah a zuci kada ta tsaya.

Sai ka zo Babbar Sallar shekarar da ta biyo baya da wani filashi a aljihu, fuskarka cike da farin ciki. Ka ce, "Baba, na samo maka wadda ba za ta ƙara wahalar da kai ba." Wata manhaja ce mara nauyi, kyauta ake ba da ita, don tsofaffin kwamfutoci irin tawa aka yi ta. Ka sallami Alhaji da kujerunsa, ka shigo da wannan.

Gaskiyarka ce kuwa, kuma ina ba da shaida ga duk mai tsohuwar kwamfuta da ke karanta wannan. Tsohuwar nan ta koma yarinya. Tana tashi kafin in ɗauko buta. Fanka ta yi shiru, cinyata ta huta. Filashi ya je Bici ya dawo lafiya lau. Intanet na buɗewa. Sai da na ɗan sha wuya kafin in gane inda sabon ɗan hayan ya ajiye kayan aikinsa, amma da na gane shi ke nan. Na sa masa suna Malam Shiru. Abu ɗaya na ga ka canza ban ce komai ba: inda sunanka yake fitowa, yanzu "Baba" ke fitowa. Na gode, amma wannan sunan na riga na san shi.

Tun ranar babu abin da ya lalace.

Ba cewa nake ba ka kira ba. Kana kira, Allah ya yi maka albarka. "Ina wuni Baba, ya gida, a gaida Inna." Ni kuma in ce lafiya lau, madalla, to. Kafin Innarka ta gano inda ta ajiye faifai mun yi sallama. Ba laifinka ba ne, a wurina ka gaji gajeruwar gaisuwa. Ni ma sau da yawa na ɗauki waya, na nemi abin da zan kai ƙara na rasa, na mayar da ita aljihu. Uba zai kira ɗan fari ya ce masa me? Ina kewarka? Ai sai harshena ya karye.

Kada ka ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Na rufe ido na daddanna maɓallai da tafin hannu. Malam Shiru ya tambaye ni kalmar sirri cikin ladabi, ya koma ya zauna. Na aro filashin mai tura waƙoƙi a kasuwa, wanda duk garin nan an san cutarsa, na soka. Ko atishawa bai yi ba. Na ɗauki kofin koko na tsaya a kansa, sai na tuna akwai katin sunan mutane a ciki, na shanye abina.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan, makon jiya ne. Ina zaure ina buga kati, Innarka ta zo wucewa ta tsaya. Ba ta kalle ni ba, bango take kallo. Ta ce, "Wannan abin naka, kwana biyu bai lalace ba?" Na ce ƙalau yake. Sai ta ce, "To, Allah ya kyauta." Ban taɓa jin an yi wa mai lafiya jaje ba sai ranar. Na buɗe baki zan tsokane ta, sai na ga hannunta. Faifan ne a ciki, babu ko gyaɗa ɗaya.

Shi ya sa na saka takardar nan a fili. Idon mutanen da ban sani ba ya fi mini sauƙi a kan naka. Kuma na san kafin Magariba Tanimu zai karanta wa 'yan majalisa ita da ƙarfi, har da kwaikwayon muryata, ka ga ba ni da hanyar janyewa.

Ba na so ka dawo da Alhaji, na yafe. Dattijo ma a bar shi ya huta. Ga abin da nake so. Ranar Juma'a bayan La'asar zan kira ka. Babu abin da ya tsaya, ban taɓa komai ba, wannan karon da gaske. Ka ɗauka. Zan buɗe murya in ajiye waya a tabarma kamar hannuwana na aiki. Idan muka rasa abin faɗa, mu yi shiru tare, ka ɗauka Alhaji muke jira. Idan kuma ka ji ana ɓarar gyaɗa, ka ɗan ɗaga murya.

Yarinyar nan taka ita ma 'yar fari ce. Ka ɗauke ta a gaban mutane, ka kira sunanta har maƙwabta su gaji. In wani ya yi magana ka ce ni na sa ka.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikinka, ya raya maka zuri'a. Allah ya jiƙan mai sunanka. Allah ya ba ka 'ya'ya masu gyara maka abu kamar yadda kake gyara mini, amma ya sa su riƙa bar maka ɗan abin da zai lalace. Amin.

Innarka ba ta ce a gaishe ka ba. Ta dai aika a sayo gyaɗa.

Ni ne mahaifinka,
Injiniyan Kati.